Me Jariri Ya Yi? Zunubin Asali da Begen Ceto a Wurin Kiristan Katsina

Duk Bahaushen da yake Kirista, ya kuma girma a ƙasar Katsina, ko Malumfashi ko Kafur ko cikin birni, ya taɓa shan wannan tambaya a makaranta ko a kasuwa ko wurin aiki: "Wai da gaske kuna cewa jaririn da aka haifa jiya mai zunubi ne? Me ya yi? Wa ya cuta?" Yawanci mai tambayar ba rigima yake nema ba. Abin ne ke ɗaure masa kai, kuma yana da dalili. Ya tashi da sanin cewa Annabi Adamu ya yi kuskure, ya tuba, Allah ya karɓi tubarsa kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, magana ta wuce. An koya masa cewa kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, kuma babu ran da zai ɗauki nauyin wani.

Abin da ke damuna shi ne irin amsar da mu muke bayarwa. Wani ya kau da zancen, wani ya ce haka yake a rubuce, wani kuma ya ba da amsar da ta fi tambayar tayar da hankali, har mai sauraro ya tafi da tunanin cewa a wurin Kirista Allah yana hukunta jika saboda laifin kaka. Koyarwar zunubin asali, wato yadda faɗuwar Adamu ta shafi zuriyarsa, ba haka ta ce ba. Ni dai ban san wata koyarwa da ta tona halin ɗan Adam kamar wannan ba, balle bayan abin da idanunmu suka gani a jihar nan cikin 'yan shekarun nan.

Tun 1932 Littafi Mai Tsarki yake hannunmu cikakke da Hausa, saboda haka kowa na iya buɗe Farawa sura 2 da 3 ya duba da kansa. Allah ya sa mutum a gona domin ya nome ta ya kula da ita, wato tun kafin komai ya lalace akwai aiki, noma ba la'ana ba ne. Ya sakar masa itatuwan gonar duka, ya hana shi guda ɗaya, itacen sanin nagarta da mugunta. Nassin bai faɗi ko wane irin ɗan itace ba ne. Tuffar da ake gani a hotuna daga masu zanen Turai ta fito. Masu cewa kuma saduwar miji da mata aka sakaya, sun manta tun a sura 1 Allah ya sa musu albarka ya ce su hayayyafa.

Macijin bai zo da shawarar kisa ko sata ba. Tambaya ya fara jefawa, wai ko da gaske Allah ya hana su cin 'ya'yan itatuwan gonar, alhali ɗaya tak aka hana. Daga nan ya ce ba za su mutu ba, Allah dai ya san ranar da suka ci za su zama kamarsa. A nan dafin yake. An cusa wa mutum zargin cewa Mahaliccinsa yana yi masa rowa, akwai wani alheri da aka ɓoye masa, sai ya miƙa hannu ya ƙwata da kansa. Malaman Kirista sun daɗe suna cewa a zuciya aka faɗi tun hannu bai kai ga reshe ba. Mutum ya daina amincewa da Allah, ya naɗa kansa mai yanke wa kansa abin da ke daidai. Shi ya sa in Kirista ya ce zunubi, maganarsa ta wuce zina da giya da ƙarya da ake lissafawa. Duk waɗannan daga juya wa Allah baya suke fitowa.

Abin da ya biyo baya kuwa, babu gidan da ba a san shi ba. Kunya ta fara zuwa, suka ɗinka ganyen ɓaure suka rufe jiki. Sai tsoro, suka ɓuya cikin itatuwa da suka ji motsin Ubangiji. Da aka tambayi Adamu, maimakon ya ce na yi, sai ya ce matar nan da ka ba ni ce ta ba ni, ya haɗa matarsa da Allah ya ɗora musu laifi cikin magana guda. Ita kuma ta ce maciji ne ya ruɗe ta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mazan da ke ɗauko wannan labari su ce mata ne suka jawo mana wahala, su koma su karanta da kyau: nassin ya ce mijin yana tare da ita, ya karɓa ya ci bai ce uffan ba, kuma da Manzo Bulus ya zo bayanin yadda zunubi ya shigo duniya a Romawa sura 5, sunan Adamu ya kama.

Sura ta gaba ce ta fi taɓa ni a matsayina na Bakatsine. 'Ya'yan Adamu biyu na farko, Kayinu manomi ne, Habila makiyayi, uwa ɗaya uba ɗaya. Kisan kai na farko da Littafin ya ambata a tsakaninsu ya auku, can a saura, kuma manomin ne ya kashe makiyayin. Mu Kiristocin ƙasar nan yawancinmu 'ya'yan manoma ne, ya kamata wannan ya sa mu yi hattara kafin mu raba duniya gida biyu. Da Allah ya tambayi Kayinu ina ɗan'uwansa, ya ce shi ba mai tsaron ɗan'uwansa ba ne. Kafin surar ta ƙare, ga Lamek daga zuriyarsa yana kiran matansa biyu yana yi musu kirari cewa ya kashe saurayi don ya yi masa rauni, in ramuwar Kayinu sau 7 ce, tasa sau 77 ce.

To, ta yaya abin da mutum biyu suka yi ya shafe mu? Nan gardamar take. Bulus ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo shi, ta bazu ga kowa domin kowa ya yi zunubi. A Romawa sura 7 ya faɗi maganar da duk wanda ya taɓa ƙoƙarin barin wani mugun hali zai gane: nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Sarki Dauda, bayan ya ɗauke matar Uriya ya kuma sa aka kashe mijin a bakin dāga, bai ce tsautsayi ne ya afka masa ba. A Zabura 51 cewa ya yi tun daga cikin uwarsa abin yake tare da shi.

Wanda ya fi kowa zama a kan wannan batu ɗan Afirka ne, Agustin. An haife shi a 354 a garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu, ya rasu a 430. Ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka kakkaɓe wani itace kusa da gonarsu da dare suka kwashe 'ya'yan, ba don yunwa ba, domin yana da waɗanda suka fi su kyau. Ƙarshenta aladu suka watsa wa. Abin da ya tsaya masa a rai har ya manyanta shi ne, daɗin yin abin da aka hana kawai ya kai shi. Abokin gardamarsa Pelagiyus, wani mai tsantseni daga Birtaniya da ke koyarwa a Roma, ya ga Kiristocin birnin sun sangarce suna fakewa da raunin ɗan Adam. Sai ya ce kowa garau ake haihuwarsa kamar Adamu kafin ya ci, mugun misali kawai muka gada, kuma tun da Allah ya umarce mu da nagarta, lalle muna iya yin ta. Manufarsa mai kyau ce, ina ganin girmanta. Amma Agustin ya ce in mutum zai iya gyara kansa da ƙarfinsa, to Almasihu a banza ya mutu. Ni kuma ina ƙarawa da tawa tambayar: in misali ne kawai matsalar, me ya sa yaron da ya tashi a gidan kirki, ba wanda ya koya masa, yake ɓoye nama a bayansa ya ce bai gani ba? Taron bishop-bishop a Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ya ƙi koyarwar Pelagiyus a 418, taron Afisa na 431 ya sake tabbatar da haka.

Manomin dawa da gero a ƙasar nan ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, tushe ɗaya yana zubar da dubbai, kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsira sai ya ji saiwar dawa kusa da shi, sai ya manne mata can ƙarƙashi yana zuƙe ruwanta da abincinta. Kafin furensa mai ruwan hoda ya leƙo sama har mai gona ya gani, ɓarna ta riga ta yi nisa, dawar ta tsumbure, ganye ya ƙone. Yaron da ya gaji gonar ubansa da ƙuduji a ciki ba shi ya zuba irin ba, babu mai hankalin da zai ce laifinsa ne. Amma gonarsa ce, a cikinta zai shuka, kuma in ya tsaya tsinke fure kawai, baɗi ma zai gani. Haka na fahimci zunubin asali. Jariri bai aikata komai ba. An dai haife shi cikin zuriyar da ta rabu da Allah, da zuciyar da za ta karkata wajen son kai da zarar ta fara zaɓe. Katikizim na Katolika, wato littafin koyarwarsu, shi ma ya fayyace cewa hali ne da mutum ya tarar da kansa a ciki, ba aiki ne da ya aikata ba. Kuma gonar ba ta daina zama gona ba. Siffar Allah da aka halicci mutum da ita ta raunana amma ba ta goge ba, shi ya sa ake samun tausayi da amana da karamci a wurin mutanen kowane addini, wani lokaci har su ba mu kunya.

Daga nan hanyoyi suka rabu. Ikilisiyoyin gabas, irin na Girka da Rasha, sun fi cewa mutuwa da rauni muka gada, alhakin laifin kuwa na Adamu ne. Katolika, a taron Tirent na 1546, suka ce baftisma tana wanke zunubin asali, sai dai karkatar zuciya tana nan, da ita ake kokawa har ƙarshen rai. Martin Luta da Jon Kalbin, jagororin waɗanda suka rabu da Katolika, sun ga lalacewar ta fi haka zurfi, ta taɓa hankali da nufi da komai, har mutum ba ya iya juyowa wurin Allah sai Allah ya fara juyo da shi. Ko a kan abin da za a yi wa jaririn ma ba a haɗu ba, kuma ana ganin haka a cikin garin Katsina. Katolika, waɗanda suka samu dayosis tasu a 2023 da Bishop Gerald Mamman Musa a kanta, su da Angilikan suna yi wa jarirai baftisma. ECWA da Baftis kuwa miƙa yaro ga Allah suke yi da addu'a, su jira ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa kafin a nutsar da shi a ruwa.

A wannan gaɓa ce nake ganin Agustin ya wuce gona da iri, domin ya kai ga cewa jaririn da ya mutu ba baftisma ba zai ga ceto ba, ko da yake ya ce hukuncinsa shi ne mafi sauƙi. Wannan magana ta sa iyaye mata kuka tsawon ƙarnuka. A wani ƙauye a kudancin jihar nan na halarci jana'izar jaririn da bai kai ranar suna ba. Bayan an dawo daga makabarta, uwar na zaune kan tabarma a bakin ɗaki, matan zumunta kewaye da ita, nono ya jiƙa mata gaban riga. Ta ɗaga kai ta ce wa tsohon faston: "Baba, ko suna ba a raɗa masa ba. Yana ina yanzu?" Tsohon ya dafa gwiwa ya durƙusa daidai da ita, ya ce: "'Yata, wanda ya ce a bar yara su zo wurinsa kada a hana su, shi ya karɓe shi. Ba ki fi shi son yaron nan ba." Amsar ba ta lallashi ba ce kawai, tana da tushe. Maganar Yesu ce a Markus 10. Dauda ma da jaririnsa ya mutu ya ce shi zai tafi wurin yaron. Ezekiyel 18 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. A 2007 kuma kwamitin malaman tauhidi na Fadar Fafaroma ya fitar da takarda cewa akwai ƙwararan dalilai na sa rai irin waɗannan jarirai suna wurin Allah.

Yanzu mu zo gida. Tun da harkar 'yan bindiga ta addabi Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, har ta kai ga kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, mun saba da magana ɗaya: mugaye suna daji, mu mutanen kirki muna gari. Amma kowa ya san ba iska suke sha a dajin ba. Akwai mai kai musu fetur, akwai mai kai burodi, akwai mai sayen shanun sata da araha, akwai wanda zai zauna da ku a majalisa da yamma, da dare ya buga waya ya faɗi gidan da aka sayar da hatsi. Waɗannan a gari aka haife su, a gabanmu suka girma, kuma babu addinin da zai bugi ƙirji ya ce ba nasa a ciki. A ɗaya gefen ga 'yan sa-kai da suka tashi don kare gari, wasunsu suka koma kashe Bafulatanin da bai san hawa ba bai san sauka ba a hanyar kasuwa. Da kunnena na ji samari masu zuwa coci suna cewa a gama da su har 'ya'yansu. Muryar Lamek ke nan, kuma daga bakin waɗanda aka zalunta take fitowa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Koyarwar faɗuwa ba ta ce laifin kowa ɗaya ne ba. Wanda ya ƙone rumbu ya kashe mai gida ba daidai yake da wanda aka kashe ba, kuma wajibi ne hukuma ta hukunta shi. Romawa 13 ta ce ba a banza mai mulki ke riƙe da takobi ba. Abin da ta ce shi ne, abin da ya fito fili a wurinsa yana kwance a wurina. Da na tashi inda ya tashi, ba makaranta, ba inda zan kai ƙara a saurare ni, ga ƙwaya, ga bindiga a hannu tun ban mallaki hankalina ba, ba ni da tabbacin da na fi shi. Wannan ba ya wanke shi ko kaɗan. Ni yake hanawa in ɗauke shi wata halitta daban da ni, domin daga wannan tunanin kowane kisan gilla yake farawa.

Ana kuma karkatar da koyarwar ta wata fuska. Mutum ya ci amanar kuɗin ikilisiya ko ya lalata 'yar mutane, a kama shi ya ce sharrin Shaiɗan ne, ko ya ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Amsar Hawwa'u ce wannan, kuma ba a karɓe ta ba. Mafi muni shi ne a dubi mai ciwo ko wanda masifa ta afka wa a ce zunubinsa ne ya kama shi. Yesu ya rufe wannan ƙofa a Yohanna 9, da almajiransa suka tambaye shi ko makahon nan ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba shi ba ne, ba su ba ne. A Markus 1 ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM da suka zo Babbar Ruga, wurin jinyar kutare kusa da garin Katsina, a ƙarshen shekarun 1930, ko da yake suna da burinsu na wa'azi, wannan sawu suka bi da suka zauna suna wanke gyambon mutanen da jama'a ke gudu.

Cikin ita kanta surar faɗuwa akwai abin da ake yawan tsallakewa. Allah ne ya zo neman mutum, shi ya yi kira ina kake, tun mutum bai buɗe baki ya nemi gafara ba. Ya ce zuriyar macen za ta ƙuje kan macijin, shi kuma zai sari diddige, maganar da Kiristoci ke ɗauka alkawarin farko na zuwan Almasihu. Kafin ya fitar da su daga gonar ya yi musu tufafin fata ya suturta su. A addinin Kirista begen ceto daga nan ya faro, Allah ne ke fara takowa.

Sai a ce, to me ya hana Allah ya ce na yafe, a wuce wurin? Me ya kawo gicciye? Tambaya ce mai nauyi. Yafiya ba ta taɓa zuwa wa mai yin ta a kyauta ba. In an kore maka shanu ka ce ka yafe, shanun ba su dawo ba, kai ka haɗiye asarar. In ɗa aka kashe maka ka ajiye ramuwa, kai kaɗai ka san abin da kake kwana da shi. Kirista yana cewa a kan gicciye Allah ya ɗauki asarar a kansa. Anselim na Kantabari, wajen 1098, ya tsara maganar haka: bashin na mutum ne, mutum ya kamata ya biya, amma ya fi ƙarfin mutum, sai wanda yake Allah kuma yake mutum. A nan ina roƙon masu wa'azinmu su kula da harshensu. Wa'azin da ke nuna Uba mai fushi yana huce haushinsa a kan wani bawan Allah da bai yi komai ba, ya ɓata saƙon. Bulus a 2 Korintiyawa 5 cewa ya yi Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa. Wanda aka yi wa laifin shi ne ya biya.

Ga kuma abin da mu Katsinawa muka koya da wuya: afuwa ita kaɗai ba ta canza zuciya. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, aka zauna da su, aka saki mutane daga ɓangarorin biyu, aka fara kiran wasu tubabbu. Ba a daɗe ba hare-hare suka dawo, shi kansa gwamnan ya fito ya ce sun ci amana. Ba ina cewa neman sulhu kuskure ne ba, wanda ke kwana a daji don tsoro shi ya san darajar ko wata guda na zaman lafiya. Amma mun ga iyakar tubar baki. Saboda haka ceton da Littafi ke magana a kai ya wuce share laifi. A Ezekiyel 36 Allah ya yi alkawarin cire zuciyar dutse ya sa ta nama. Yesu ya ce wa Nikodimu, malami dattijo mai kiyaye shari'a, sai an sake haihuwarsa. Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa wajen 180, ya bayyana Almasihu a matsayin Adamu na biyu, wanda ya sake bin hanyar ɗan Adam tun daga haihuwa har mutuwa, duk inda na farko ya yi tawaye shi ya yi biyayya. A gona Adamu ya ce nufina, a gonar Getsamani Yesu ya ce ba nufina ba, naka za a yi. Atanasiyus na Iskandariya ya ƙara da cewa ya shiga mutuwa ne domin ya karya ikonta. Shi ya sa Ista ta fi Kirsimeti nauyi a wurin mai bi. Bulus bai ɓoye ba a 1 Korintiyawa 15, in Almasihu bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce; amma kamar yadda cikin Adamu duka ke mutuwa, haka cikin Almasihu za a rayar.

Nan ne muka rabu da 'yan'uwanmu Musulmi, kuma babu amfanin a shafa wa maganar mai. Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. Mu kuma a kan gicciyen nan da kabarin da ba kowa ciki komai namu ya rataya. Mun haɗu a kan cewa akwai abin da ke jan mutum zuwa mugunta, Suratu Yusuf ma ta yi maganar rai mai yawan umurni da mummuna. Mun saɓa a kan zurfin ciwon da kuma maganinsa. Ana iya faɗin wannan a fili, a kuma ci gaba da kai wa juna tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti kamar yadda iyayenmu suka yi.

Gardamar ko da alheri ake samun ceto ko da aiki ta raba ikilisiyar Turai tun 1517, har sai ranar 31 ga Oktoba 1999 da Katolika da mabiya Luta suka sa hannu a Jamus kan cewa da alherin Allah kaɗai ake karɓar mutum, ta wurin bangaskiya, kuma wannan alheri shi ke haifar da kyawawan ayyuka. Afisawa 2 ta riga ta haɗa biyun wuri ɗaya. Ceton kuma bai kammala a idonmu ba tukuna. Mai bi yana faɗuwa yana tashi, yana rashin lafiya, ana sace shi a hanya kamar kowa. Romawa 8 ta ce dukan halitta tana nishi tana jiran 'yanci, mu ma muna nishi tare da ita, muna jiran tashin matattu da ranar da za a yi wa kowane jini da aka zubar shari'a.

Wurin da koyarwar ta fi yi mana ɗaci shi ne, ƙofar a buɗe take har ga mutumin daji. Musa ya yi kisa, Dauda ya yi, Bulus yana tsaye yana gadin rigunan masu jifan Istifanas, kuma mutumin da Yesu ya yi wa alkawarin Firdausi a kan gicciye ɗan fashi ne. Ba zan iya karɓar alheri wa kaina in hana shi ba. Sai dai Luka 19 ta nuna yadda tuba ta gaskiya take. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya sauka gidansa, ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki 4. Bayan nan ne Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. Saboda haka kada wani fasto ya matsa wa gwauruwar da aka kashe wa miji ta ce ta yafe tun hawayenta bai bushe ba; a zauna da ita, a nome mata gona, a biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, yafiyar za ta zo a lokacinta. Wanda kuma ya zo ya ce ya tuba, ko daga daji ya fito ko daga ofis, a karɓe shi hannu biyu, sannan a tambaye shi ina shanun, ina kuɗin, ina mutanen da ake tsare da su, a kuma raka shi ya faɗa a gaban hukuma.